Pu Hrangkhuma, Mai Sassaƙa Hannaye Biyu

Kullum da hazo ya ɗaga daga kan duwatsunmu na Mizoram, abin da za ka fara ji shi ne ƙwas-ƙwas ɗin kurfin Pu Hrangkhuma a gindin gangare (a wurinmu Pu laƙabin girmama dattijo ne, Pi na dattijuwa). Ya ci shinkafarsa da dafaffen ganye, ya kora da ruwan zafi zalla, domin 'yan cocin Asabar ba sa shan shayi. Ranar Juma'a kuwa, kafin rana ta faɗi ya rufe kayan aikinsa da buhu. Tun muna samari yake sassaƙa duwatsun kaburbura, bana kuma ya ce idonsa ya gaji.

Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne zanensa. Ba ya yin fure, ba ya yin fukafuki. Hannu biyu kawai yake yi: ɗaya ya miƙo daga sama da tabon ƙusa, ɗaya ya miƙa daga ƙasa. Na ƙasan, sai ɗan mamacin ya ɗora tafinsa a kan dutse, Pu Hrangkhuma ya zana shi. Wani lokaci nakan zauna a maƙabarta in ga kamar dukan tudun ne ke ɗaga hannu.

Tushen abin yana da nisa. Mutanen Asabar na farko, can a Amurka, sun sa ran dawowar Almasihu a 1844, bai zo ba. Suka koma kan littafin Daniyel, suka karanta cewa Mika'ilu zai tashi a ƙarshen zamani, suka haɗa da inda aka ce Ubangiji zai sauko da muryar shugaban mala'iku, matattu su farka. Sai suka ce ai Mika'ilu da Almasihu mutum ɗaya ne, suna biyu. Wasu daga cikinsu har sun ɗauka Almasihu yana da mafari. Na bayansu suka bar wannan, suka ce ba halittacce ba ne, shugabancin mala'ikun ne ya ba shi sunan. Yadda wannan magana ta hau jirgin ruwa har ta iso ƙauyen da ko mota ba ta kaiwa, ni dai har yau ina mamaki.

Bara Pu Saikunga ya rasu, ɗan Asabar ne. Ɗansa Rinawma kuwa shi ke jagorantar mawaƙa a cocin Lahadi, kuma ya rantse ba zai taɓa dutsen ba. Maƙabartarmu tana ƙolin tudu, dutse ba ya hawa sai a kafaɗun maza bisa sandunan gora, 'yan Asabar na ƙauyen kuma duk tsofaffi ne. In Rinawma bai zo da samarinsa ba, kabarin zai zauna ba alama. Uwarsa, Pi Darthangi, ta yi roƙo har ta gaji.

Pu Hrangkhuma ya aika a kira Rinawma. Ya zo yana taunar goron ƙasarmu, ya tsaya daga nesa.

"Pu, ba zan sa hannuna ƙarƙashin na mala'ika ba. Kun rage wa Almasihu daraja."

"Mu da ku mun yi shekaru muna wannan, yaro, har haƙorana suka zube. Ni suna ba na rubutawa a jikin hannun. Babanka yana kiransa da biyu, kai kira shi da ɗaya."

"To ka zana na Inna mana."

"Na babanka nake nema, shi kuma yana jikinka. Dubi ɗan yatsan nan da ya karkace. Ko in zana nawa, a ce Saikunga ya mutu da hannun biri?"

Rinawma ya dubi tafinsa, ya daɗe. Sannan ya tofar da goron, ya durƙusa, ya ɗora shi a kan dutsen.

"Ka sani fa, har yanzu ban yarda da Mika'ilunku ba."

"Wa ya ce ka yarda? Cewa na yi ka daina motsa yatsu."

Ranar Alhamis aka ɗauki dutsen, don Asabar ta wasu ce, Lahadi ta wasu. Samarin mawaƙa suka sa kafaɗa, tsofaffin Asabar na biye da ruwan sha, Rinawma a gaba yana ba da murya. Da aka kafa shi, Pi Darthangi ta ɗora tafinta a kan hannun ƙasa, ta ce, "Shi ne."

Pu Hrangkhuma, kai ne wanda bai taɓa sayar da imaninsa ba, bai kuma taɓa jifan kowa da shi ba. Gwanin dutse, mai taushin baki. Ba ka ci gardamar ba, ba ka ma nemi ci ba, amma ka mayar wa uwa da ɗanta. Mun gode, Allah ya ƙara wa idanunka kwana.

Ku kuma samari, kurfi da guduma suna nan, mai su yana raye, yana kuma son koyarwa. Ku sauka gangaren tun yana iya riƙe muku hannu.