Neman Ganga Daga Bakura Zuwa Maradun

Ana sallame sallar asuba munka ɗora akwatunan biyu bayan mota, munka lulluɓe su da bargo kamar za a kai majinyata asibiti. Ni da abokina mai motar ne kawai. Tsoho ne kamata, sai dai shi yana rina gemu.

Akwatunan sifikoki ne na ɗakin ɗaukar murya, masu katako mai nauyi. Na saye su hannun wani Bature lokacin da masu aikin dam ke tattara kayansu. Ba irin na biki ba ne masu fasa kunne. Su aikinsu faɗin gaskiya: in mawaƙi ya kauce, sai su nuna maka shi ƙarara. Da su na ci zamanin kaset a shagona na Mafara, ni da karatuna ya tsaya aji uku, shi ma malamin ne ya gaji, ba ni ba. Yanzu takardar gaban sifikokin ta yage. Na liƙa da gam, na liƙa da ƙyalle, har babu sauran wurin liƙi. In ka kunna sai ka ce ana keta buhu.

Ba don kaina na tashi gyara ba. Akwai wani tsohon mawaƙin noma a Maradun. Shi ke waƙa, ƙanensa ke ganga, kuma ni na ɗauke su a kaset tun muna da haƙora. Ƙanen ya rasu, shi kuma ido ya tafi, jiki ya ƙi. Jikoki sunka juye kaset ɗin a waya sunka kunna masa, ya ce wannan gwangwani ne, ba gangar ƙanensa ba. Sai ya aiko mini cewa yana son ya ji ta yadda ya ji ta a shagona, tun yana da sauran kunne.

Na duba sababbin sifikoki a kasuwa. Sheƙi kam akwai, ƙara akwai, amma ba su zauna ramin akwatin ba, kuma maƙaryata ne. Sai na tuna Baturen nan ya sayar da irin nawa guda biyu ga wani Alhaji mai majigi a Bakura. Can munka nufa.

Hanya ta yi kyau da safe. An fara yankan shinkafa, tsuntsaye na ta ɗibar rabonsu ba da izinin kowa ba. A wani shinge jami'i ya tambayi abin da ke ƙarƙashin bargo, abokina ya ce tsofaffi ne irinmu. Ya leƙa, ya yi dariya, ya ɗaga mana hannu. Munka tsaya shan koko. Ƙosan yanzu sai da na sa tabarau kafin na gan shi, kuɗinsa kuwa ko makaho ya gani.

A Bakura munka tarar Alhajin ya daɗe da rasuwa. Ɗansa ya shimfiɗa mana tabarma, munka gaisa har gaisuwa ta ƙare munka sake ɗauko ta, munka yi wa mamaci addu'a. Da na faɗi buƙatata ya kai mu ɗakin tarkace. Gara ta cinye katakon akwatunan, kaza tana kwanci cikin ɗaya. Amma kwanonin sifikar suna nan garau, da maganaɗisunsu a baya da takardarsu a gaba. Na danna takardar a hankali da yatsu, ta shiga ta dawo ba ta goga komai ba. Na yi maganar kuɗi, ya ce, "Baba, ka ɗauka. Kazar kawai kada ka tayar."

Ƙarƙashin itacen bedi na yi aikin. Na kwance nawa, na zaunar da nasu, na gasa ƙarfe a garwashin mai shayi na liƙe wayoyi da dalma. A sana'armu, kafin ka rufe akwati sai ka taɓa wa wayoyin batirin tocila ka ga takarda ta zabura. Dole duka biyun su zabura gaba tare. To daidai nan anka fito da tuwon shinkafa da miyar kuka. Na ce wa kaina ni da na tsufa cikin wannan aiki, wane batiri? Na ɗaure kusoshi, na wanke hannu.

Munka komo ta Mafara munka ɗauki hanyar Maradun. Gefen dam ana soya kifi, munka saya munka ci cikin mota, don abokina ya ce lallai la'asar ta same mu gida. Wannan hanya a da har da kekuna muke binta mu je kallon gayya. Yanzu kowa gudu yake ba ya waiwaye. A cikin Maradun ma mun ga mutanen Gidan Goga da 'yan bindiga sunka kora zaune a zaurukan mutane, da ɗan abin da sunka iya ɗaukowa.

Mawaƙin yana kwance a zaure. Da jin muryata ya ce, "Mai Kaset, ashe kana nan kana cutar mutane?" Na ce ai shi na biyo. Munka jawo wuta daga batirin mota, na jera akwatunan dama da hagu, na haɗa su da rikodata, na sa kaset.

Muryarsa ta fito, ta ƙuruciya, har jikokin sunka kalli juna. Shi ko ya karkata kai yana saurare. Can ya ce, "Ni dai na ji ni. Ina yaron?"

Ƙanen yake nufi, kuma gaskiya ya faɗa. Gangar tana can nesa, ba ta da ciki. Abokina yana kallon rana yana kaɗa makulli. Na roƙi tocila, na zare batiri, na taɓa wa na dama, takarda ta zabura gaba. Na taɓa wa na hagu, ta koma baya. Ashe garin saurin tuwo na sa jar waya wurin baƙa. Ɗaya na turawa, ɗaya na ja, sai gangar ta mutu tsakaninsu. Na juya wayoyin, na mayar da kaset farko.

Gangar ta faɗo zauren har na ji ta a ƙirji. Tsohon ya ce a tashe shi. Anka matsar da shi, ya lalubo akwatin ya ɗora tafin hannu a kai. Da anka zo wani wuri ya yi murmushi.

"Nan kullum yake riga ni shiga," in ji shi. "Na yi faɗa har na gaji."

Sai ya ce a sake. Wannan karon ya bi waƙar da 'yar muryar da ta rage masa, kuma da anka zo wurin ya bari ƙanen ya riga shi.

Ban iya raba shi da akwatunan ba. Na nuna wa babban jikan inda ake danna, na ce kada wanda ya taɓa wayoyin akwatunan ko da an kawo masa tuwo.

Mun shigo Mafara ana kiran la'asar, bargo ne kawai bayan mota. Uwargida ta tambayi kayan da na hana kowa taɓawa shekara da shekaru, na ce sun sami aiki. Abin da tafiyar ta koya mini bai da yawa: a gwada kafin a rufe, a ci tuwo bayan an gama. Sauran kuwa, na zauna a shago ina kallon gurbi biyu a bango inda fenti bai koɗe ba, hannuna yana buga gangar a gwiwa, yana riga ni shiga.