Falon Yaya, Daga Kan Kafet

Har yau ban yafe wa malamin nan ba, kuma ba na jin zan yafe. Shi ya koya mana tarihin zane a shekarata ta farko a wata kwaleji da ke Camberwell, can ƙasar Turawa, ƙarshen shekarun tamanin. Dogo ne mai jan gemu, kullum yana warin taba da jiƙaƙƙen kwat. Ni kaɗai ne baƙar fata a ajin, kuma na fi kowa shiru.

Darasinsa ɗaya ne duk zangon: yadda Turawa suka koyi saka nisa da zurfi a kan shimfiɗaɗɗen allo. Sai ya kashe fitila ya haska hotuna a bango. Na farko waliyyan coci ne tsaye a gaban zinariya, babu sama babu ƙasa, wanda ya fi daraja shi ya fi girman jiki. Daga baya mutanen Italiya suka gano cewa layukan daɓe da na rufi, in ka bi su, duk suna haɗuwa a ɗigo ɗaya, daidai tsayin idon mai kallo. Sai 'yan Holan da ɗakunansu, ƙofa cikin ƙofa, tayil baƙi da fari yana ƙanƙancewa har tsakar gida. Wasu suka lura cewa dutse in ya yi nisa shuɗi yake komawa. A ƙarshe Faransawa suka rushe duka, suka karkata tebur har ka ce tuffa za ta gangaro. Wannan, in ji shi, hazaƙa ce.

Abin haushin shi ne ina son darasin. Littattafai uku na cika da rubutu, kowane hoto da ƙaramin zanensa a gefe.

Aikin ƙarshen zango shi ne kowa ya zana ɗakin da yake zaune a ciki, daga inda ya saba zama, bisa ƙa'idar ɗigo ɗaya. Wanda ya faɗi ba zai shiga shekara ta biyu ba. Ni kuwa bizata a kan karatun nan ta rataya.

A Thamesmead nake zaune lokacin, a gidan haya na hukuma da yayata ke ciki da mijinta Alhaji, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin. Kujeru uku ne a falon, ban taɓa hawa ko ɗaya ba. Ba wanda ya hana ni. Haka dai aka tashe mu, ba ka zama kafaɗa da kafaɗa da babba. Wurina kan kafet ne, jingine da bango kusa da hitar ɗumama ɗaki. Daga nan na zana, sati biyu, da rula da fensir mai tsini.

Yaya ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Kai auta, waɗannan gwiwoyin Alhaji ne ko buhunan shinkafa?"

Alhaji ya sauke jarida ya ce, "Ƙyale shi. Ni dai a rage mini ƙofofin hanci."

Ranar duba aiki malamin ya manna nawa a bango ya tara aji.

"Ku zo ku gani," ya ce. "Teburin cin abinci ba shi da sama, layi ne kawai. Rufi ya cinye rabin takarda. Mutum duk gwiwa." Ya juyo gare ni da wata murya mai laushi, wadda ta fi zagi ciwo. "Ba laifinka ba ne. Mu shekaru aru-aru muka yi muna koya wa ido zurfi. Inda ka fito ba a fara ba."

Wasu suka yi dariya. Na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi in babba na faɗa.

"Kun gani? Ko kallona ba ya iyawa."

Ya rubuta cewa na faɗi. Saura sati ɗaya a zauna da mai dubawa ta biyu a tabbatar da maki. Ban gaya wa Yaya ba. A bas, tafiyar nan mai tsawo, na yi ta tsara maganganun da na san ba zan iya faɗa ba. Sai na koma laburare, inda na fi ƙarfi. A wani tsohon littafin koyon zane na ga yadda masu zanen dā ke yi: a kafa allura a ɗigon, a ɗaura zare, a ja shi bisa kowane layi.

Ranar zaman na shiga da allura da jan zare daga kwandon ɗinkin Yaya. Mai dubawa ta biyu wata tsohuwa ce mai koyar da ɗab'i. Na shimfiɗa zanena a gabansu. Na kafa allurar a ɗigon, can ƙasan takardar. Na ja zare bisa gefen kafet, ya hau daidai. Bisa gindin bango, bisa taga, bisa rufi, bisa ƙafafun kujerar Alhaji. Ko ɗaya bai kauce ba.

Tsohuwar ta ce, "To me ya sa idonka yake ƙasa haka?"

"A nan nake zama."

"Babu kujera a gidan?"

"Akwai uku. Mijin yayata babba ne."

Malamin ya yi tsaki. "Wato a gidanku ma ba a ba ka kujera."

Ba ta kula shi ba. Ta dafa tebur, ta durƙusa a hankali har gwiwarta ta yi ƙara, ta zauna daɓas a kan simintin ɗakin. Ta kalli teburin, ta kalli rufi, ta ɗaga kai ta kalle shi daga ƙasa.

"Zo ka zauna ka gani," ta ce masa.

Ya ce bayansa na ciwo.

Ta miƙo mini hannu na tashe ta, ta sa hannu a takardar maki cewa na ci. Dole ya sa nasa. Maki mafi ƙanƙanta da ake ci da shi ya ba ni, a gefe kuma ya rubuta da jan biro cewa ɗalibin ya nemi kujera.

Na shiga shekara ta biyu, aka sabunta mini biza. Shekara biyu muka ƙara yi muna haɗuwa a matakala, bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban ƙara gaishe shi ba, abin da ban taɓa yi wa wani babba ba kafin shi. Takardar tana nan cikin littafina na uku, allurar a soke daidai kan sa hannunsa.