Akuyar da Ta Ƙi Motsi

Shekarar da muka koma Mubi bayan gudun hijira, muka tarar makarantarmu ba ƙofa ba taga, amma cikin ikon Allah kwamfuta guda ta tsira, don Malama Rifkatu ta ɓoye ta a rumbun dawa kafin ta gudu. Mu biyu ta zaɓa take koya mana shirya wasan kwamfuta bayan an tashi, ni da abokina Tumba. Shi ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Shi ya zana akuya mai tsallake duwatsun rafi, in an danna A ta yi hagu, in an danna D ta yi dama. Ni kuwa na taso a hannun kakana da allo da tawada, don haka abin da ya fi burge ni shi ne ranar da na gano kibod yana iya juyewa zuwa haruffan Larabci.

Ranar da za mu nuna wa shugaban makaranta aikinmu, na riga kowa shiga ɗakin bayan na gama sharar filin taro. Na juya kibod, na yi ta laluben haruffa har na rubuta sunan kakana, na goge, na fita ban mayar da shi ba. Da shugaba ya zo da malamai, Tumba ya zauna ya danna A, akuya ta tsaya ƙiƙam. Ya danna D, shiru. Malama ta zare waya ta mayar, ta hura iska tsakanin maɓallan, sannan ta kifa kibod ta girgiza, sai ga ɓawon gyaɗa yana zubowa a kan tebur. Ba wanda ya tambaye ni, amma na buɗe baki na ce, "Malama, jiya na ga Tumba yana cin gyaɗa a nan." Gaskiya na faɗa, kuma har zuciyata na ɗauka ita ce sanadi. Aka kashe kwamfuta aka sake kunnawa, akuya ta kama tsalle, kowa ya ce girgizar ce ta gyara. Aka hana Tumba shiga ɗakin, ni na gabatar da wasansa aka yi mini tafi. Kakana yakan ce, "Shaida kaya ce, kada ka ɗauka sai an ɗora maka." Ban gane ba a lokacin.

Bana, bayan shekaru da yawa, na shirya wa yaran wata Islamiyya ɗan wasan koyon haruffa. Malamansu suka yi ta kirana, wai maɓallai sun mutu. A wurina komai lafiya, a wurinsu ko motsi. Kwana huɗu ina bin umarnin da na rubuta wa wasan layi-layi, na canza kibod, na zargi ƙura da wuta, har idona ya yi ja, bayana ya ƙage. Bayan la'asar ta rana ta huɗu na je na zauna gaban kwamfutarsu, na ga a Larabci take. Wasan harafi yake jira, ba maɓallin da yatsa ya taɓa ba, shi kuwa kibod ɗin Larabci ba ya aiko da A. Gyaran bai wuce layi biyu ba. Amma na daɗe zaune ban yi shi ba, ina ganin ɓawon gyaɗa a kan tebur. Ashe kibod ɗin da na bari a Larabci ne ya tsayar da akuyar Tumba, sake kunnawa kuma ya mayar da shi.

Washegari na hau acaɓa zuwa Muchalla, inda Tumba yake noma. Na same shi yana tsinkar gyaɗa a gindin mangwaro, na gaya masa komai ban rage ba. Sai ya ce, "Kai, Buba, shekara nawa ina hana yarana ci kusa da rediyo saboda wannan abu!" Muka yi dariyar da ba ta da ƙarfi. Na buɗe kwamfutata na nuna masa akuyarsa, wadda na sake ginawa da sunansa a sama. Ya goge yatsunsa a wando ya danna, ta yi hagu. Ya miƙo mini gyaɗa ya ce in ci, ya yafe.

A da mu biyu muke turereniya a benci guda, yanzu kwamfuta tana cinyata ni kaɗai, wanda ya fi ni iyawa kuma yana riƙe da fartanya. Yafiya na samu, shekarun kuwa ba su dawo ba.