Zauren Malam Tanimu Ba Zai Buɗe Ba

Damina ta goma ke nan tun da muka binne yayana Malam Tanimu. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a tausasa ko kalma ɗaya.

Ya koyar a elementare, ya dawo ƙauyenmu na ƙasar Makarfi, ya riƙa tara samari masu tasowa a zaurensa bayan la'asar. Ba ya ɗaukar allo ko bulala. Sai ya ce, "An ce rakenmu ya fi na Kudan zaƙi. Wa ya sha duka biyun?" In yaro ya ce kowa ya sani, ya ce, "Kirawo min kowa ɗin in tambaye shi." Ina jin dariyarsu daga tsakar gida, kuma tun a lokacin ba ta kwanta min ba. Ɗana Isuhu ya fi kowa ɗauka.

Wata shekara da kaka, dokin da ke jan injin matse rake na mai gari ya faɗi ya mutu. Aka ce wata tsohuwa mai tallan nono ce ta kama kurwarsa, don ta tsaya ta kalle shi ranar kasuwa. Aka taru a ƙofar fada za a kore ta. Isuhu, ko gemu bai fara ba, ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, dawakai sun mutu a Gubuchi ma, kuma Inna ba ta taɓa zuwa can ba. Can wa ya kalle su?"

Ina bayan danga, na ga komai. Yayana na zaune a gaba cikin manya. Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin rigarsa. Sauran yaran zauren duk suna nan, babu wanda ya yi ko tari. Aka mari Isuhu, aka kori tsohuwar. Da aka zo ɗibar mutane aikin haƙar kuza na dole, sunan ɗana ne mai gari ya fara kira. Har yau ban san inda kabarinsa yake ba.

Na je na sami yayana. Ya ce, "Hauwa, yaron nan gaskiya ya faɗa." Na ce, "Yaya, a ƙofar fada ya kamata ka faɗi haka."

Yanzu waɗancan yaran sun zama malamai da akawuna, suna yabonsa a jarida, wai ya buɗe musu ido. Ban musa ba. Hujjarsa ba ta taɓa karkacewa ba, kuma na san da yana raye da ya ji daɗin ganinsu. Amma ya koya wa yaro yadda ake kwance maganar manya, bai tsaya kusa da shi ba ranar da ya kwance ta. Abin da ya bari ke nan: maza masu iya gardama a inuwa.

Makon jiya sun zo da goro, suna roƙon in ba su zauren su tara 'ya'yan mutane kamar da. Ga amsata a gaban kowa. Duk wanda ya buɗe baki a ƙofar fada ranar nan, ya zo, ni da kaina zan share masa zauren. Na ga fuskokinku duka, kada wani ya wahalar da ƙafarsa.