Alwalar Malam Tanko

Duk wanda ya zauna a Fagge kafin Turawa su tafi ya san Malam Tanko tela da abu ɗaya: alwalar asuba ita ke kai shi magariba. Ko ruwa ka miƙa masa da rana sai ya kau da kai. In ya ga mun ɗauki buta da azahar, sai ya leƙo ta kan kekensa ya ce, "Ku je, ragwaye. Mutum sai ka ce kwando."

Ni Audu na fi kowa shan wannan gorin, don rumfar da nake sayar da zare tana jikin tasa, kuma karatuna bai kai na mayar da magana ba.

Sai ciwon zuciya ya kama shi. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, in ya kwanta numfashi ya gagara. Da ƙyar na ja shi Sabon Gari wurin wani malamin asibiti, Mista Obi. Na gyara murya zan yi tafinta da Turancina na tasha, mutumin ya ce, "Malam Audu, huta. A nan aka haife ni."

Ya ba shi ƙwaya ɗaya kullum saboda zuciyar, ya yi masa allurar janye ruwa, ya hana shi gishiri. Ba mu tambayi ta inda ruwan zai fita ba. Kafin mu iso Fagge sau biyar muna tsayawa. A na biyar ya fito daga bayan wata katanga ya ce, "Audu, ara mini butarka. In ka faɗa a rumfa ban yafe ba."

Kafin la'asar har masu dako sun ji.

Rannan na iske shi yana shan kunun kanwa. Ya ce, "Gishiri ya ce. Ka ji ya ambaci kanwa?" Da muka koma, Mista Obi ya ambace ta. Malam Tanko ya ce, "Wa ya kai masa?" Na kama kallon kwanon rufi.

Kumburi ya saɓe, sai jiri ya zo. Wata azahar ya taso daga sujada farat ɗaya, yadda ya saba, sai muka ji ya zube a sahu. Mista Obi ya ɗaura masa awo a dantse, ya ce jini ne ya yi ƙasa. Ya rage allurar, ya ce, "Baba, ka riƙa tashi a hankali. Salla kuma a zaune."

Da muka kusa gida sai ya ce, "An raba ni da alwalata, yanzu kuma tsayuwa gaban Ubangijina? Na bar maganin."

Ya bari kuwa. Liman ya yi masa bayanin rangwamen mara lafiya, ya ƙi. Sati biyu, ƙafa ta koma yadda take, yana magana yana haki.

Sai na shigo masallaci ina ɗingishi, na zauna a ƙarshen sahu. Na ce gwiwa ce. Ya daɗe yana kallona, sannan ya lallaɓo ya zauna a gefena. Ya ce, "Don kada a yi maka dariya kai kaɗai ne."

Washegari muka koma allura. Shekara biyu muna salla a zaune, kafaɗa da kafaɗa. Ana saura kwana uku ya rasu ya kamo hannuna ya ce, "Audu, ɗingishin nan naka, jiya hagu, yau dama. Ka tsaya a guda."

Yanzu gwiwar ta kama ni da gaske, duka biyun, kuma gefena babu kowa. Allah Ka jiƙan Malam Tanko, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓi sallolinsa, na tsaye da na zaune.