Zamiyar Ƙarshe ta Goggo Hajo

"Kada ki matso, Malama Binta, tsaya daga nan. Goggo Hajo ta cika da hantsin nan."

Rabi ce, ma'aikaciyar jinya, abokiyata a kulob, tsaye a tsakar gidanmu ta toshe hanci da bakin mayafi. Ban matsa ba. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ita ma ta faɗa, muna kallon juna daga nesa kamar matan da suka yi faɗa jiya. Sannan ta yi tambayar da ta kawo ta: "Za ki shiga gidan gaisuwa?" Kafin in ba ta amsa, sai Inna, mahaifiyata, ta yi tari daga ɗaki. Tarinta na fuka ne, mun saba da shi shekara da shekaru, amma dukanmu biyu sai da muka juya.

Kowa ya san irin daminar da muke ciki. Murar nan da aka ce ta taso daga ƙasashen gabas ta sauka a Ikko, ta biyo jirgin ƙasa har Kaduna, ba ta tambayi kowa hanya ba. An sallami yaran makarantarmu. Ofisoshi rabin kujerunsu babu kowa. Akwatin rediyo kullum yana cewa a buɗe tagogi, a guji taro. Yawancin waɗanda ta kama suna tashi, wasu kuwa sai ta sauka musu a ƙirji, kuma ba wanda ya san a wane layi aka sa shi. Mai fuka irin Inna ba ta buƙatar a gaya mata nata layin. Idan na shiga gidan rasuwar na kwaso, ita zan kawo wa. Idan ban shiga ba, na ƙi gaisuwar matar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni.

Na rubuta wannan ne domin 'yan kulob da ba mu da ikon haɗuwa mu yi kuka tare, da kuma mutanen Abakpa da suka san ta a matsayin malamar ɗinki, matar Malam Sule kafinta, ba su san sauran ba.

A wani ƙauye mai duwatsu aka haife ta, inda 'yan mata ke hawa kan dutse su zauna a kan guntun ƙirgi, wato busasshiyar fatar saniya, su zamo har ƙasa. Da zarar an yi wa yarinya aure, ta bar wasan. Goggo Hajo ba ta taɓa yarda da wannan hukunci ba. Bayan ta yi shekaru a Kaduna sai ta gano wani dutse mai santsi can gaba da Kawo, wanda gangarensa ke bayan hanya, ba idon kowa. Ta tara ɗalibanta na ɗinki da wasu malaman makaranta da matan akawu, aka riƙa ɗaukar shatar babbar mota sau ɗaya a wata ana zuwa zamiya. Wannan shi ne kulob ɗinmu. Ita da kanta take zuwa zauren mazajensu neman izini. "Iska za su sha, Malam," take cewa. Ba ta taɓa yin ƙarya ba. Duk wadda ta zamo daga kan dutsen nan ta sha iska har ta ƙoshi.

Na shiga kulob ɗin ne da na dawo daga jami'a a Badun, can kudu. Ranar farko ta dubi takalmina mai tsini, ta dube ni, ta ce, "A can an koya muku zama?" Na ce, "Zama kuma, Goggo?" Ta miƙo mini ƙirgi ta ce, "To yau za ki koya." A jere muke zamowa, kowa ta riƙe ƙugun ta gabanta, muna kiran abin jirgi. Ita ce kullum a baya, domin na baya ne ke ja da ƙafa ya rage gudu. Kafin tafiyarmu ta ƙarshe, ban taɓa ganin ta bar wata a kan dutse ta riga ta sauka ba. Wata rana wata Baturiya mai duba makarantun mata ta biyo mu, ta ce a ƙasarsu ma ana irin wannan a kan dusar ƙanƙara, amma a tsaye, da katako ɗaure a ƙafa. Goggo ta jinjina kai cikin tausayi ta ce, "A tsaye? Allah ya ba su abin zama, su ƙi amfani da shi?"

Tana da doka guda wadda ba ta sassautawa. Ana karɓar uzurin haihuwa da na rasuwa da na baƙi, amma ba a karɓar ciwon kai. "Ciwon kai ba uzuri ba ne a wurina," take cewa. "Taho da shi, mu baro shi a kan dutse." Ba taurin zuciya ba ne. Ta san cewa ciwon kai shi ne sunan da mace ke sa wa fushin miji, ko kewar gida, ko baƙin cikin da ba ta da wanda za ta gaya wa. Duk wadda ta aiko da wannan uzuri, sai ta ga Goggo a bakin ƙofarta da mayafi a kafaɗa, mota tana jira. Sau da yawa ta ɗauko mace tana hawaye ta mayar da ita tana dariya. Ni ma ta taɓa ɗauko ni haka, kuma har ta koma ga Allah ba ta tambaye ni dalili ba.

Da ciwon ya shigo gari mun fasa tafiya ɗaya. Da lokacin ta gaba ya matso, muka taru a tsakar gidanta, kowa da tabarmarta can nesa da ta 'yar'uwarta, ana magana da ƙarfi kamar a kasuwa. Rabi ta ce kada a je. Wasu suka ce ai rediyo ma iska mai kyau yake cewa a nema, kuma ina iskar da ta fi ta kan dutse? Gaskiyar magana, mun gaji da zama a ɗaki muna sauraron wanda za a ce ya kwanta. Goggo ta saurari kowa, sannan ta shimfiɗa sharuɗɗa. Kowa ta zo da kofinta, ba shan fura a ƙwarya ɗaya. Ba gaisawa da hannu. Za a naɗe tamfol ɗin mota, ko da ruwa za a yi. Jirgi kuma an soke shi, kowa ta zamo ita kaɗai a ƙirginta. Ranar tafiyar motar tana warin tafarnuwa da tazargade da man zafi, kowa da abin da kakarta ta yarda da shi. Goggo ta tuna da kofi, ta tuna da tamfol. Dokar ciwon kai ce kawai ba ta janye ba, kuma babu wadda ta tuna mata.

A cikinmu akwai Asabe, matar wani ƙaramin akawu daga Hayin Banki, sabuwar shiga, mai kunya da ladabi. Da muka kai ƙololuwa sai ta zauna, ta ƙi tashi. Rana tana dukanta amma haƙoranta suna haɗuwa, idanunta jajawur. Goggo ta ce, "Asabe, tun yaushe?" Ta ce, "Tun jiya, Goggo. Ciwon kai ne kawai. Ai kin ce..." Ba ta ƙarasa ba.

Ban ga wadda ta ɗaga ƙafa ba, amma da'irar da muka yi mata sai ta yi ta faɗi. Kowa ta ja mayafi zuwa hanci. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Hanyar da ake hawa ta tsakanin duwatsu ce, mai lafiya ma da rarrafe yake bin wani wurin, ba ta ɗaukar marar lafiya. Hanya mai sauri ita ce zamiya, ita ma kafin ruwa ya jiƙa dutsen. Kuma wadda ba ta iya riƙe kanta, in aka sake ta ita kaɗai, birgima za ta yi har ƙasa. Duk mun san wannan. Muka tsaya muna jin ƙarar haƙoran Asabe.

Goggo Hajo ta kwance ƙyallen da ta ɗaura a hanci, domin yana hana ta ganin ƙafafunta. Ta zauna a kan ƙirgi, ta jawo yarinyar ta jingina ta a ƙirjinta, ta ɗaure su tare da gyale, kuncinta a jikin kuncin Asabe. Ta ce mana, "Ku biyo mu ɗai-ɗai. Wadda ta matso kusa, ni da ita ne." Suka tafi. A da duk jirgin da ya tashi sai an raka shi da guɗa. Ran nan ba abin da aka ji sai ƙarar ƙirgi a kan dutse. A mota ta zauna can ƙarshe da kan Asabe a cinyarta, ta tura mu gaba. Ruwa ya sauko mana kafin Kawo, direba ya tsaya zai saki tamfol, ta hana shi. Ta lulluɓe yarinyar da zanenta na sama, ita ta jiƙe sharkaf.

Asabe ta warke. Wasu daga cikinmu sun kwanta sun tashi. Sauran kuwa kullum da safe sai mu haɗiyi yawu mu ji ko maƙogwaro yana ciwo, mu taɓa goshinmu a ɓoye. Goggo ta kwanta, abin ya sauka mata a ƙirji. Rabi da ta duba ta ta ce ba ta koka da zafin jiki ba, abu ɗaya take ta nanatawa, a gaya wa Asabe laifin ba nata ba ne, na mai dokar ne.

Na ji abin da ake faɗa a gari, wai mata sun tafi wasa ana tsakiyar annoba. Ba zan ce tafiyar daidai ce ba. Kuskure ne, namu ne gaba ɗaya. Sai dai masu maganar ba su tsaya a kan dutsen nan ba, ba su ga yawan waɗanda suka ja baya da wadda ta matsa ba.

Ranar da ta cika, bayan la'asar na tafi Abakpa, ban gaya wa Inna inda za ni ba, ban kuma san abin da zan yi idan na isa ba. An riga an kai ta. A ƙofar gida tabarmin maza kaɗan ne, a warwatse, Malam Sule yana zaune shi kaɗai yana jan carbi. Na durƙusa daga nesa na gaishe shi, na shiga zaure. Ƙofar cikin gida a rufe take, abin da ban taɓa gani ba a gidan rasuwa. Na yi sallama. Uwani, babbar 'yarta, ta buɗe kaɗan, iya fuskarta.

"Yaya Binta, ba za ki shiga ba."

"Uwani, ni ce fa."

"Na san ke ce. Da bakinta ta faɗa, duk 'yar kulob da ta zo a tsayar da ita a zaure. Ta ce musamman ke, saboda Inna. Ta ce in kin yi gardama in ce miki ba shawara take ba ki ba."

Muryar Uwani a dishe take. Na so in ce kuka ne ya dishe ta, sai na ga gumi yana tsattsafo mata a goshi, ta kuma dafe bango. Na ce, "Jikinki fa?" Ta ce, "Da sauƙi. Yi addu'arki daga nan, Yaya."

Daga nan na yi ta, kuma ita nake maimaitawa a yau. Allah ya jiƙan Hajara, ya gafarta mata kurakuranta, ya yalwata kabarinta ya haskaka shi, ya sa wannan ciwo ya zama kaffara a gare ta, ya karɓe ta cikin shahidai. Allah ya ba Malam Sule haƙurin rashin abokiyar zama. Ya tashi kafaɗar Uwani, ya tsare ƙannenta da jikokin da ke cikin gidan nan. Ya sanyaya zuciyar Asabe. Ya ɗauke mana wannan annoba, ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo.

Uwani ta ce amin, ta juya ta yi tari a cikin zanenta, ta tura ƙofar. Na ji ta sa sakata. Na fito ta gaban mazan, na kama hanyar gida.