Marjolaine Mai Wanke Fukafukai

Shekara ashirin da ɗaya Marjolaine Vachon ta yi tana wanke wa jirage fukafukai. 'Yar wani makaniken tarakta ce daga ƙauyukan Saguenay, cikin baƙin mai da sifana ta tashi, shi ya sa ƙarfe bai taɓa ba ta tsoro ba. Da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata biyu, ta tattara su ta koma birni, ta sami aiki a babban filin jirgin sama.

Kullum hunturu ya kama, za ka gan ta tsaye cikin kejin da ke saman doguwar motar feshi. Ta fara watsa ruwan zafi mai narkar da ƙanƙara, sannan ta bi da wani kore mai kauri wanda ke hana dusar ƙanƙara kamawa na ɗan lokaci. Direbanta Léandre Caron, dattijo mai surutu, yana ƙasa yana matsa motar, suna magana ta oba-oba.

"Uwar ɗakina, jirgi kike wankewa ko jariri? Yatsuna sun ƙage!"

"Kai da ke cikin ɗumi? Matsa hagu, tsoho, ka bar ni da mitarka."

Wata Talata a watan Fabrairu, tun asuba dusar ƙanƙara take zuba ba sassauci. Jirage sun yi layi hanci da wutsiya. Wajen ƙarfe goma aka kawo musu wani ƙarami mai farfela biyu, kujera goma sha tara, mai zuwa garuruwan arewa. Marjolaine ta bi shi tsaf. Wata fasinja mai jar hula ta ɗaga mata hannu ta taga, ita ma ta ɗaga. Jirgin ya wuce ya shiga layi, suka juya kan na gaba.

Sun wanke huɗu bayansa, ta ma manta da shi, sai ta hango shi yana sheƙa gudu a kan titin tashi. Ya ɗaga hanci, ya tashi kamar tsayin bene. Sai fiffiken hagu ya yi ƙasa. Ya ɗan miƙe, ya sake karkata, ya doki ƙasa can bayan shinge. Kafin ƙarar ta iso kunnenta, baƙin hayaƙi ya riga ya turnuƙe.

Bututun feshin na hannunta, ruwa na zuba a banza.

"Marjolaine! Namu ne? Wanda muka wanke ne?"

Muryar Léandre ce a oba-oba. Ya sauko da kejin, ya ja motar suka bi 'yan kwana-kwana a baya, ko izini bai nema ba.

Jirgin ya rabe biyu. Akwatuna sun tarwatse, takardu na yawo a iska. Daga cikin hayaƙin wata mata ta fito tana tafe a hankali, takalmi ƙafa ɗaya, jini na bin wuyanta. Mai jar hular ce. Ta tsaya gaban Marjolaine ta tambaye ta cikin ladabi:

"Don Allah baiwar Allah, akwai wani jirgin yau? Gobe za a yi wa babana aiki a asibiti."

Marjolaine ta tuɓe rigar sanyinta ta lulluɓa mata, ta zaunar da ita a matakalar mota.

Mutum shida suka mutu, har da mataimakin matuƙi. Kwana uku Marjolaine ba ta sa komai a baki ba sai ruwan shayi. Tana zaune a kicin tana kallon hannayenta. Babbar 'yarta Odile ta zo ta tare a gidan.

"Mama, ki ci ko loma ɗaya ce."

"Na bi fiffiken nan har ƙarshe. Ina ga na bi. Odile, in ban bi ba fa?"

Masu bincike suka kira ta sau biyar, suka auna ruwan tankinta, suka saurari duk abin da aka faɗa ta oba-oba, har da zolayarta da Léandre. Sai bayan wata goma sha huɗu rahoto ya fito. Feshin ya yi daidai. Jirgin ne ya daɗe a layi, minti hamsin da biyu, ƙarfin koren ruwan ya ƙare, dusar ƙanƙara ta sake kwanciya a kan fukafukai, kuma ba a dawo da shi an sake wankewa ba.

Léandre ne ya kawo mata takardar har gida, yana murna.

"Kin gani? Ba ruwanki!"

Ta karanta sau biyu, ta ninke. "To. Amma shidan nan suna ina?"

Ya zauna suka sha kofi.

Léandre ya ajiye aiki a bazarar nan. Ita kuwa ta ƙara hunturu huɗu a keji, sannan gwiwa ta hana ta hawa, aka mayar da ita ɗakin koyar da sababbin ma'aikata. Yanzu ta koma Saguenay, kusa da kabarin babanta, tana gyara wa maƙwabta injinan kwashe dusar ƙanƙara. Jikokinta uku suna birni, kuma duk sanda za ta je ganinsu, a mota take tafiya.